Zango a Bakin Tafki

A darasinmu na yau za mu yi magana a kan zango. Zango ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake sun yi ta yin zango a hanyar Gwanja, sa'ad da suke zuwa sayen goro. Fulani suna yi da shanunsu, mafarauta suna yi, masunta ma haka. Duk waɗannan neman abinci ne yake fitar da su daga gida. Amma akwai wani irin zango da ake yi don hutawa kawai da buɗe ido. Mutum ya bar ɗakinsa da gadonsa lafiya lau, ya ɗauki tanti, ya tafi bakin ruwa ya kwana biyu ko uku, ya jefa fatsa, ya kalli tsuntsaye, sa'an nan ya komo gida. A Turai da Amurka har filaye ake keɓewa a bakin tafkuna don wannan, da famfo da makewayi. Mutum ya biya kuɗi, a nuna masa inda zai kafa tantinsa. A Ingila ne wani hafsan soja mai suna Baden-Powell ya kai yara 20 zango a wani tsibiri a 1907, daga nan 'yan Sikawut suka samo asali.

Wani zai yi dariya, ya ce sai wanda ya ƙoshi ne zai nemi kwanan daji da gangan. Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Amma 'yan makaranta da ma'aikata na ƙasarmu su ma suna yi yanzu. Ko da kuwa ba mu fita don hutu ba, da yawa cikinmu za su kwana a bakin ruwa wata rana, don su, ko noman rani, ko jiran jirgi ranar kasuwa. Ruwa bai san wanda ya zo hutu da wanda ya zo aiki ba. Saboda haka darasin nan namu ne duka.

Bari mu ɗauki tafki guda mu yi misali da shi, watau Tafkin Kainji. Wannan tafki hannun mutane ne ya yi shi. An fara gina madatsa a kan Kogin Kwara a 1964 don samun wutar lantarki, aka gama a 1968. Da aka datse kogin sai ruwa ya taru a baya, ya yi ta malala arewa har wajen Yelwa ta Yawuri. Tsawon tafkin wajen mil 80 ne, faɗinsa kuwa a inda ya fi buɗewa wajen mil 15. Mutum wajen 44,000 aka tasa daga garuruwansu aka gina musu sababbi. Tsohon garin Busa yana ƙarƙashin ruwa yanzu, tare da duwatsun da Bature matafiyi Mungo Park ya hallaka a cikinsu a 1806. Yamma da tafkin akwai dajin Borgu, gabas kuma dajin Zugurma, waɗanda aka haɗa a 1979 aka mai da su gandun namun daji na ƙasa. Bayan 2020 an sha jin labarin 'yan bindiga a dajin Borgu, don haka wanda ya yi niyyar zuwa can sai ya tambayi hukuma tukuna.

To, a ce mu shida ne muka yi shawarar zuwa bakin tafkin nan mu kwana huɗu. Yaushe za mu tafi? Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama aikin gona, hanya ta bushe, ba hadari. Sai dai sanyi, gama sanyin bakin ruwa da hunturu yana shiga har ƙashi, wanda ya manta da bargo zai kwana yana zagin kansa. Da bazara kuwa iska takan taso a kan tafki ba sallama, ta kife kwalekwale, ta tumɓuke tanti.

Ba a fafa gora ranar tafiya. Tun da kwana biyu sai a haɗa kaya: tabarma da bargo da gidan sauro, adda da ƙaramar fartanya, ashana a cikin gwangwani mai murfi, tocila, tukunya, gari da gishiri da barkono, igiya mai tsawo. Wanda ba shi da tanti kada ya damu, bukkar kara da ciyawa irin ta masunta ta fi tanti sanyi da rana. Abu guda ne za mu nace a kansa, ko da zai yi nauyi: a tafi da garwa ko tulu fiye da ɗaya. Za mu ga dalili nan gaba.

Da isa, kafin a sauke kaya, sai a nemi Sarkin Ruwa na wurin, ko mai unguwa. A je da ɗan goro, a durƙusa a gaishe shi, babba a cikinmu ya ce, “Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa. Mu baƙi ne, muna so mu sauka a ƙasarka kwana huɗu. Ina ya kamata mu kafa bukka, ina ne kuma ba a shiga?” Wannan ladabi ne, kuma dabara ce. Sarkawa da Gungawa da sauran mutanen ruwa sun san inda dorina take fitowa, sun san inda kada yake shan hantsi, sun san inda ƙasa take zurmawa. Abin da baƙo zai kwana bakwai bai gane ba, su za su gaya masa kafin ya gama cin goro. Matambayi ba ya ɓata.

Wurin zango tudu ne, mai nisan taku 100 ko fi daga bakin ruwa. Baƙo yakan so ya kafa bukkarsa dab da ruwa a kan rairayi mai laushi, ya ce ai rani ne, ba ruwan sama, me zai same shi? Ga abin da bai sani ba. Kogin Kwara sau biyu yake kawo ruwa a shekara. Akwai farin ruwa, wanda yake zuwa da damina daga ruwan saman ƙasashenmu, da laka a cikinsa. Akwai kuma baƙin ruwa. Shi wannan a can duwatsun ƙasar Gini aka yi shi da damina, ya biyo ta fadamun ƙasar Mali yana tafiya a hankali, lakarsa ta kwanta a hanya, bai iso Kainji ba sai da sanyi. Shi ya sa tafkin yakan cika maƙil da rani, ya kuma ja baya ƙwarai wajen farkon damina. Tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai wajen ƙafa 30 a tsaye. A inda ƙasa take shimfiɗe kuwa, ruwan da ya ƙaru da taƙi ɗaya sai ya ci fili mai yawa. Ku dubi jikin itatuwa da duwatsu, za ku ga zanen inda ruwa ya tsaya bara. Ku hau sama da wannan zane.

A share ciyawa kewaye da bukka da murhu, faɗin taku 5, saboda gobara da maciji da kunama. A kakkaɓe takalmi kowace safiya kafin a sa ƙafa. In kun ga wata hanya ta fito daga ruwa ta nufi ciyawa, mai rami biyu a jere da ɗan tudu a tsakiya, to hanyar dorina ce. Dorina da dare take fitowa kiwo, in ta firgita kuwa ruwa take nufa a guje, duk abin da ke tsakaninta da ruwa sai ta bi ta kansa. Kada a kwana kusa da wannan hanya. Shi kuma kada, dabba ce mai lura. In ya ga mutum yana zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya kullum, sai ya yi masa kwanto. A riƙa sauya mashaya, kada kuma a zubar da hanjin kifi kusa da zango.

Dorina da kada kowa yana tsoronsu, ba sai mun yi dogon bayani ba. Amma in aka ƙidaya mutanen da suka cuta a bakin ruwa, dorina da kada ba su kama ƙafar wata 'yar halitta ba, wadda yaro zai murƙushe da yatsa biyu. Ita ce katantanwa. Ba dodon koɗi babba muke nufi ba. Wata 'yar ƙarama ce, girmanta kamar ƙwayar wake, tana manne a ƙarƙashin ganyen bado da jikin ciyawar ruwa. Ba ta son ruwa mai gudu, ba ta son zurfi. Inda take so shi ne gefen tafki, inda ruwa yake kwance, mai ɗumi, iyakarsa gwiwa. Watau daidai wurin da uwa za ta duba ta ce, “Ku yi wasanku nan, ba zurfi.”

Wannan katantanwa ita ce masaukin tsutsar da take kawo tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz shi ya fara ganin tsutsar a jikin mutum, a birnin Alƙahira, a 1851. Amma an daɗe ba a san yadda take shiga mutane ba, sai a 1915 wani likitan Birtaniya mai suna Leiper ya tabbatar a Masar cewa ta cikin katantanwa take biyowa.

Ga yadda abin yake, ku bi shi daki daki. Mai tsargiya ya zo ya yi fitsari a cikin tafki. A cikin fitsarinsa akwai ƙwan tsutsa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Da sun taɓa ruwa sai su ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ya yi ta iyo yana neman katantanwa. In bai samu ba cikin yini guda, ya mutu, magana ta ƙare. In ya samu sai ya shige jikinta, ya zauna wajen wata guda ko fi, yana ta hayayyafa. Daga nan katantanwar ta fara sako 'ya'yan tsutsa cikin ruwa, ɗaruruwa, kullum, kuma da tsakar rana suka fi fitowa, lokacin da zafi yake kora mutane wanka. Su waɗannan ba sai an sha su ba. Fata suke hudawa. Mutum yana tsaye cikin ruwa yana wanki, ko alwala, ko jan koma, cikin 'yan mintoci sun shige. Iyakar abin da zai ji ɗan ƙaiƙayi ne, wani ma ba zai ji kome ba.

A cikin jiki sai su bi jini su girma, har tsawonsu ya kusa inci guda, su je su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, mace da namiji a haɗe. Suna iya shekara 3 zuwa 5 a nan suna zuba ƙwai. Kowane ƙwai yana da 'yar ƙaya a gindinsa. Ƙwayayen nan su ne suke kurje mafitsara kan hanyarsu ta fita, shi ne jinin da ake gani a ƙarshen fitsari. Daga ranar da mutum ya shiga ruwa zuwa ranar da zai ga jini yakan kai wata 3. Kun ga inda rikicin yake. Wanda ya yi hutun kwana huɗu a bakin tafki da sanyi, ya komo gida yana ba da labarin daɗin da ya ji, sai da bazara zai ga jini, ya ce zafin rana ne, ko maiƙo ya ci, ko sammu aka yi masa. Tafki ko kusa ba zai zo masa a rai ba.

A waɗansu ƙauyuka ciwon ya yi yawa har an daina ɗaukarsa ciwo. In yaro ya fara fitsarin jini sai a ce ya balaga. Wannan kuskure ne babba. Balaga ba ta zuwa da jini ga ɗa namiji. Yaron yana zubar da jininsa ne kaɗan kaɗan, shi ya sa za ku gan shi ya ɗashe, ba ƙarfi, yana gyangyaɗi a makaranta. In aka bar ciwon shekara da shekaru yakan lalata mafitsara, ya toshe hanyar fitsari, ya taɓa ƙoda, wani lokaci ya zama ciwon daji. Ga mata yakan kawo ciwon mara da zubar jini, har ya hana haihuwa. Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da tsargiya ta fi yawa a duniya.

Me ya sa muka kawo wannan magana a darasin tafki? Domin duk inda aka datse kogi aka mai da ruwa mai gudu ya zama kwantacce, an yi wa katantanwa gida. Mutanen Gana sun ga haka. A 1965 aka gama madatsar Akosombo a kan Kogin Volta, aka sami tafki wanda ya fi na Kainji girma nesa ba kusa ba. Kafin madatsar, yara kaɗan ne suke da tsargiya a ƙauyukan bakin kogin. Bayan 'yan shekaru, a waɗansu ƙauyukan bakin tafkin, cikin yara 10 sai a sami 8 ko 9 da ita. Madatsa abin alheri ce, ta ba mu wuta da kifi da albasar rani. Amma ta zo da baƙuwarta, sai mu san yadda za mu zauna da ita.

To, yanzu ga amfanin garwa biyu ɗin nan. 'Ya'yan tsutsar da katantanwa ta sako ba sa cin kome. In ba su sami fatar mutum ba cikin kwana 2, sai su mutu. Saboda haka ruwan da aka ɗebo aka ajiye ya kwana 2 cikakku, ba katantanwa a ciki, ya yi kyau don wanka da wanki da alwala. Ranar da aka sauka sai a cika garewani, a sa musu alama da gawayi, a riƙa amfani da su bi da bi, wadda aka juye a sake cika ta. Na kwana biyun farko kuwa a tafasa, a bar shi ya huce. A ɗebo da sassafe, da guga mai igiya, daga kan dutse ko daga cikin kwalekwale can inda ba ciyawa, kada a tsoma ƙafa. Ruwan sha dabam yake: ko ya kwana nawa, sai an tafasa shi, gama akwai waɗansu cututtukan ciki da ajiya ba ta kashewa. In akwai rijiya ko famfo a ƙauyen da ke kusa, tafiyar mil guda da tulu ba asara ba ce.

Wanda ya zame ya faɗa ruwa, ya fito maza ya goge jikinsa da tsumma da ƙarfi. Wannan yana ragewa, amma ba abin dogara ba ne. Masunci fa, wanda abincinsa yana cikin ruwa? Ba za mu ce masa ya bar sana'ar ubansa ba. Takalmin roba mai tsawo yana taimako, zuwa asibiti a kai a kai kuma ya zama masa dole. Akwai magani, sunansa firazikwantal, ƙwayoyi ne da ake sha a rana ɗaya, gwargwadon nauyin mutum ko tsawonsa. Ma'aikatan lafiya sukan raba wa 'yan makaranta kyauta, suna auna su da sanda. In sun zo garinku kada ku ɓoye yara. A ba su abinci tukuna, don maganin yakan sa jiri in ciki ba kome. Ku sani kuma maganin ba ya kashe tsutsa tun tana ƙarama, ba ya kuma hana wata sabuwa shiga. Wanda ya yi wanka a tafki, ya bari bayan wata 2 ko 3 ya kai fitsarinsa a duba, ko da bai ga jini ba.

Saura haƙƙin da tafki yake da shi a kanmu. Tun ranar sauka a haƙa ramin masai a bayan zango, nesa da ruwa da taku 40 ko fi, a kewaye shi da zana, a riƙa zuba ƙasa ko toka. Babba da yaro kowa can zai tafi, har fitsari. Wanda ya tsuguna a bakin ruwa yana cewa ai fitsari ne kawai, shi ne ya ba katantanwa iri, yaran ƙauyen da suka karɓe shi baƙunci su ne za su girba.

Da magariba sauro zai fito, na bakin ruwa kuwa runduna ne. A ɗaura gidan sauro tun rana ba ta faɗi ba, a cusa gefensa ƙarƙashin tabarma. Kafin a kwanta a kashe wuta da ruwa ko ƙasa, a taɓa tokar da hannu a tabbata ta mutu. In za a shiga jirgi, a sa rigar iyo, a ƙi shiga wanda aka cika, a ƙi tafiyar dare, gama akwai kututturan itatuwa da ruwa ya rufe tun 1968 suna nan tsaye a ƙasa. A watan Mayu 2021 wani jirgi da ya ɗauko mutane daga Jihar Neja zuwa Wara ya nutse, fiye da mutum 100 suka rasu. Lodi ne ya yi masa yawa.

Kada dogon gargaɗin nan ya sa ku zaci ba daɗi a bakin tafki. Akwai, mai yawa. Da asuba hazo yana kwance a kan ruwa, masunta suna komowa da abin da taru ya kama. Kirinjijiya suna wucewa garke garke suna fito, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai gadi. Mutum ya zauna a kan dutse da fatsarsa da gwangwanin tana, ya kama karfasa ko ƙurungu, in ya yi sa'a tarwaɗa. Ƙanana a mai da su ruwa su girma. Giwan ruwa kuwa sai dai a saya wurin masu ita, don wata takan fi ƙaton mutum nauyi. Kifin da aka fitar daga ruwa yanzu, aka tsaga, aka barbaɗa masa gishiri da barkono, aka gasa a kan garwashin ƙirya, wanda ya saba da banda kawai bai san ɗanɗanonsa ba. Da dare kuma ga hira, ga tatsuniya, ga taurari waɗanda fitilun birni suka hana mutanen birni gani. Ranar tashi a binne ramin masai, a ƙone shara, a kwashe gwangwani da leda, a je a yi wa Sarkin Ruwa sallama.

Aikin aji. Malam zai rubuta waɗannan kalmomi a allo, kowa ya kwafa sau uku: tafki, zango, katantanwa, tsargiya, mafitsara, madatsa. Ku lura da ƙugiyar ƙ a cikin ƙoda da ƙwai, da ta ɗ a cikin ɗebo.

Lissafi. Mutum 6 sun yi zango. Kowa yana bukatar rabin garwa kullum don wanka da alwala. Ruwa kuwa sai ya kwana 2 kafin a taɓa shi. Garwa nawa za su cika ranar da suka sauka, don wankan rana ta uku da ta huɗu?

Wasiƙa. Ƙanenka yana su a Shagunu, ya aiko maka cewa ɗansa ya fara fitsarin jini, wai ya zama namiji. Rubuta masa amsa cikin layi biyar, ka kawo ranar aji mai zuwa.